Karmamin Shinkafar Rahamatu

Duk wanda ya san Ɗantsoho ya san ba ya shiga kwarin bayan gari. Manomin gero ne, ɗan manomin gero, a wani ƙauye arewa da Sule Tankarkar inda yashi ke cika wa mutum takalmi, kuma a ganinsa duk abin da sai an tsoma ƙafa cikin taɓo kafin a noma shi ba amfanin gona ba ne, wasan mata ne. Shekara talatin da 'yan kai yana faɗar haka a ƙofar masallaci ana dariya. Amma a daminar bana ga shi tsaye cikin kwarin, wando a naɗe har gwiwa, sauro na cin ƙaurinsa, yana kallon shinkafar matarsa kamar tuzurun da aka bar wa jariri.

Matar, Rahamatu, tana Gumel a kwance. Ba ta daɗe da gama dashe ba, wata safiya tana tankaɗe a tsakar gida rariya ta suɓuce mata, ta zame gefe guda, baki ya karkace. Likita ya ce hawan jini ne. Autarsu Ummulkhair, wadda ke aure a Gumel, ta ce ba inda uwarta za ta yi jinya sai ɗakinta, kusa da asibiti. Da za a sa ta a mota, Rahamatu ta kama bakin rigar mijinta da hannun da ke motsi, ta yi ta fama da harshe har maganar ta fito. Ya zaci wasiyya ce. Ashe a kan shinkafa ne.

"Malam, ka tsare ta daga dabbobi. In an yi ruwa ka buɗe mata hanya. Ban da wannan kada ka taɓa ta."

Ya ce to. Amma maganar ƙarshen ta tsaya masa a wuya. Mutumin da ya fara riƙe fartanya tun kafin a haife ta, shi ake ce wa kada ya taɓa, a gaban direba da maƙwabta.

Rahamatu 'yar ƙasar Guri ce, can gabas inda ruwa ke kwanciya a fadamu. Mahaifinta falken kanwa ne mai kawo kaya kasuwar Maigatari, a nan suka yi sabo da mahaifin Ɗantsoho har zumunci ya kai ga aure. Ranar da aka kawo ta, cikin kayan ɗakinta akwai wani ɗan tulu da aka liƙe bakinsa da yumɓu. Irin shinkafa ne a ciki, ja, gajeriya, uwarta ta ba ta. Matan gari suka yi ta dariya a ɓoye, suna tambayar juna ko a randa amarya za ta shuka. Ita kuwa ta zagaya gari har ta ga kwarin, wani ɗan gangare inda ruwan sama ke taruwa ya kwanta zuwa kaka. Ba mai son wurin, don ƙasarsa kanwa ce. Da rani yakan yi fari fat kamar an barbaɗa gari, shanu su zo su yi ta lasa. Gero ba ya yi a can, wake ma da ba ya zaɓen ƙasa yana fitowa yake ƙonewa. Shinkafar Rahamatu kuwa ta kama. Ba ta taɓa yin yawa ba: ta tuwon Sallah, ta lokacin da 'ya ta haihu, sai iri da za a mayar cikin tulu a liƙe.

Bara fari ya ci rabinta. Abin da aka samu ko tulun bai cika ba, don haka ko da Sallah ba a taɓa shi ba, tuwon gero suka ci. Rahamatu ta sa an kira mata ƙaninta a Guri ta waya ko za a samu ƙari, ya ce ai wannan irin an daɗe da barinsa, kowa ya koma doguwar farar nan mai auki, tsofaffin da ke ajiye shi duk sun rasu. Da damina ta faɗi sai ta juye tulun kaf ta zuba iri. Ke nan duk abin da ya rage na shinkafar uwarta, iya saninta, shi ne wannan da ke tsaye gaban Ɗantsoho. Ya san haka sarai, shi ya sa yake zuwa safe da yamma duk da bai iya komai ba sai kallo.

Gajiya kuwa ta riga ta same shi tun kafin a kai ko'ina. 'Ya'yansa maza biyu ne, ɗaya yana lodin motoci a Maigatari, ɗaya ya yi kudu, gaisuwa kawai ke zuwa ta waya. Maimain gero shi kaɗai ya yi. Abinci sai abin da matan maƙwabta suka aiko, wani lokaci da ɗumi, wani lokaci ya huce. Duk mako kuma sai ya hau babur zuwa Gumel, hanyar ta girgiza masa ƙugu har sai ya sauka yana dafe da bango. Da ya kwanta gaɓoɓinsa ke fara nasu surutun. Bai taɓa sanin gida mai ɗaki uku yana da faɗi haka ba sai da ya zama shi kaɗai a ciki.

Ana tsakiyar damina ruwa ya ɗauke. Hadari ya taso ya yi baƙi, iska ta watsa shi, gobe ma haka. Ruwan kwarin ya fara ja da baya, yana barin farin zobe a gefe, kowace safiya zoben ya ƙara matsowa ciki. Sai ganyen ƙasa na shinkafar suka fara ƙonewa daga tsini, su yi rawaya, su yi ja, su bushe su rataya a jikin kara kamar tsumma. Gaskiyar magana kowace shekara haka take yi. Shi kansa Ɗantsoho in ya biyo ta hanyar yakan tsaya daga tudu ya tsokani matarsa, ya ce shinkafarta ta sake sa tsummokaranta, ita kuma ba tare da ta ɗago ba ta ce a bar ta da tsummanta. Bai taɓa tambayar dalili ba, don bai taɓa ɗaukar abin da muhimmancin da za a tambaya ba. Amma kallon abu daga tudu daban, a bar maka shi amana daban.

Dalhatu ne ya ƙarasa shi. Maƙwabcinsa ne, mutum mai baki, irin wanda ba ya wuce gonar wani bai bar magana ba. Ya tsaya da jakinsa a bakin kwarin, ya girgiza kai, ya ce Allah ya ba mai ita lafiya, da tana nan da abin bai lalace haka ba. Bai san komai game da shinkafa ba, bai kuma taɓa duban ta da kyau ba a shekarun baya. Amma maganar ta shiga Ɗantsoho, ta kwana tana cin sa.

A makon nan da ya je Gumel ya tarar da Rahamatu an jingina ta da filo, tana ture kwanon miya. Likita ya hana ta gishiri, ya hana ta kanwa, ita da ta tashi a gidan falken kanwa. Ta ce wannan ba miya ba ce, wankin kwano ne. Bakinta ya ɗan daidaita, magana na fita, amma hannun hagu yana nan ajiye a cinya ba ya jin kira. Ba ta tambaye shi gero ba, ba ta tambaye shi awaki ba. Ta tambaye shi shinkafa. Ya ce tana nan lafiya, sai ta zo ta gani da idonta. Ta dube shi ɗan lokaci, ya kawar da kai yana gyara hula.

A kan babur, a hanyar komawa, ya gama shawara da kansa. Dawa in ta yi tsawo ganyen ƙasa suka bushe, ai zage su ake yi. Karmami ke nan: iska ta shiga gona, ƙarfin tsiro ya koma sama wajen kai, dabbobi kuma su samu na ci. Haka mahaifinsa ya yi, haka kakansa, ba kuma wanda dawarsa ta mutu don an cire mata busasshen ganye. Tsiro ai tsiro ne. Matar nan tausayi ne ya yi mata yawa, ko kuma ƙiwa, shi ya sa take barin ƙazanta a jikin shukarta. Zai gyara mata ita tas, ranar da ta dawo ta ga abin da manomin gaske ke yi in ya sa hannu. Cikin wannan tunanin akwai girman kai, ba shakka. Amma akwai so ma, irin na tsofaffin da ba su iya faɗa da baki ba, sai dai su gyara maka ƙofar da ba ka ce ta lalace ba.

Ya fara washegari bayan sallar asuba. Aiki ne na sunkuyo, gindi bayan gindi, a kama busasshen ganye a ja ƙasa, a haɗa da wanda ya fara rawaya don kada a dawo masa. Gefen ganyen shinkafa yana da kaifi, ya yayyanka masa yatsu, ruwan kanwa kuma ya shiga yankan ya yi ta zogi. Yakan miƙe ya dafe ƙugu ya dubi abin da ya rage, ya ga kamar bai yi komai ba, ya sake sunkuyawa. Ganyen da ya tara ya jibge a bakin kwarin. Da Sajo ya biyo da shanunsa, wani Bafillatani da rugarsu ke hayin kwarin tun zamanin iyayensu, Ɗantsoho ya ce masa ya kwashe ya ba dabbobi, ba shi da abin yi da shi.

Kwana da kwanaki yana wannan fama har ya iso lungun ƙarshe, wajen wata tsohuwar aduwa, inda taɓo ke kaiwa gwiwa. Nan bayansa ya riƙe. Ya sunkuya ya kasa miƙewa, sai da rarrafe ya fito, ya zauna a gindin aduwar yana numfashi da baki. Ya ce gobe. Washegari ko sallah ma a zaune ya yi ta. Da bayan ya ɗan saki, ya zo ya tsaya ya dubi lungun, ya dubi taɓon, ya ji jikinsa duka ya ce a'a. Wurin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ya bar shi da tsummansa yana jin kunya, ya kuma ƙudura in Rahamatu ta dawo ta ɗaya hanyar zai biyo da ita, inda ba za ta fara ganin nan ba.

Sauran kwarin kuwa ya yi kyau, ba a magana. Kore shar, kowane gindi tsaf, iska na wucewa tsakani. Dalhatu ya tsaya da jakinsa ya ce yanzu ne shinkafar ta samu namiji. Ɗantsoho ya yi kamar bai ji ba, amma a ranar ya ci tuwonsa da daɗi.

Bayan 'yan kwanaki Sajo ya same shi a bakin kwarin. Suka gaisa, suka tambayi jikin mai jiki, suka yi maganar ruwan da ya ƙi sauka. Sannan Sajo ya ciro wani busasshen ganye daga aljihun rigarsa.

"Malam, me ka zuba wa ciyawar nan da ka ba ni?"

Ɗantsoho ya ce bai zuba komai ba.

"Shanuna faɗa suke yi a kanta. Har wadda ba ta cin busasshe sai da ta ture 'yar'uwarta. Yadda suke yi wa kanwa in na kawo daga Maigatari, haka suke yi mata. Tauna ka ji."

Ya karɓa ya tauna don kada ya ƙi. Gishiri ne zalla, mai ɗaci-ɗaci, har ya tara masa yawu. Ya tofar, ya miƙa hannu ya tsinki ɗanyen ganye daga saman gindin da ke kusa, ya tauna. Wannan ba komai, ɗanɗanon ciyawa kawai. Ya yi dariya ya ce to ai ga shi nan, ciwon ne ya cire mata, ya bar mai lafiya. Sajo bai yi gardama ba, shi ba manomi ba ne. Ya dai ce zai riƙa kewayewa da shanun ta nesa, don tun da suka ɗanɗana, da sun doso nan sai su miƙa wuya.

Ba a yi mako ba koren nan ya fara dusashewa. Ganyen da suka zama na ƙasa yanzu, waɗanda da suke tsakiya, suka fara ƙonewa daga tsini, da sauri fiye da na farko. Kafin ya gama mamakin wannan, abin ya hau sama. Sababbin ganye, har da na can ƙoli wanda kai zai fito daga cikinsa, suka naɗe kamar tsinke, bakinsu ya yi fari. Wata safiya ya tsaya a tsakiyar kwarin, ya tsinki ganyen ƙoli ya sa a baki. Gishiri.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ja ƙafa cikin taɓo zuwa lungun aduwa, wurin da yake jin kunyarsa. Tsummokaran suna nan, sun ma ƙaru, kowane gindi ya yi buzu-buzu da busasshen ganye. Ya tsinki na ƙasa ya tauna: gishiri mai ƙona harshe. Ya tsinki na ƙoli ya tauna. Ciyawa ce kawai, ɗanya, mai sanyi.

Ba wanda ya yi masa bayani, harshensa ya gaya masa. Saiwa ba ta da zaɓi, abin da ke ƙasa shi take sha, da ruwan da kanwar. Shinkafar nan kuwa ta san inda take kai kanwar: tana tura ta cikin tsofaffin ganye, su yi ta sha, su yi ta sha har su ƙone, don na sama da kan da ke tafe su samu ruwa mai daɗi. Abin da ya kira ƙazanta shi ne rumbun da take zuba gubarta. Shi kuma ya bi gindi-gindi, da bayansa mai ciwo da yatsunsa masu jini, ya rushe rumbunan duka, ya bar kanwa ba ta da wurin zuwa sai sama. Ya fito ya zauna a gindin aduwa. Bai yi kuka ba. Wata irin gajiya ce ta sauko masa wadda ba ta baya ba ce, ba ta gwiwa ba, har ya ji ko ƙuda ya sauka a fuskarsa ba zai iya kore shi ba.

Ya gwada abin da zai iya. Sajo ya ara masa amalanke da sa, suka riƙa ɗauko ruwan daɗi a jarkoki daga famfon gari, mata na gunaguni a layi wai tsoho ya zo yana shayar da taɓo. Ƙasa ta shanye kamar ba a zuba ba. Da ya ga haka sai ya daina rabawa, duk abin da ya ɗauko ya kai lungun aduwa. Ya sari ƙaya ya kewaye wurin, don shanun da ya koya wa ɗanɗanon da hannunsa sun fara kufce wa masu kiwo suna nufo kwarin. Daga nan ya koma zaman gadi, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, da sanda da 'yar buta. Geronsa ya nuna a tudu, tsuntsaye suka yi ta biki, bai je ba. Dalhatu ya zo wucewa ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar Ɗantsoho, ya ja jakinsa.

Gumel ma ya daina zuwa. Ya ce wa Ummulkhair ta waya bayansa ne, wanda ba ƙarya ba ne, sai dai ba shi ne dalili ba. Ita kuma ta riƙa ba shi labari da murna: Inna ta tashi tsaye, Inna ta kai bakin ƙofa da sanda, Inna ta kai zaure. Ta ce likita ya yi mamaki, amma ita ta san sirrin, kullum Inna sai ta ce dole ta miƙe kafin yankan shinkafa, don Baba bai san yadda ake zaɓen iri ba. Kowane labari mai daɗi sai ya ƙara masa nauyi a ƙirji. Yakan ce alhamdu lillahi, ya kashe wayar, ya ci gaba da kallon farin kwarin.

Ruwa ya dawo daga baya, sau biyu ko uku da ƙarfi, lokacin da ba sauran amfani ga mafi yawanta. Shinkafar da ya gyara ta fitar da kai, amma fari, a miƙe tsaye, ba nauyin da zai sunkuyar da shi. In ka murza a tafin hannu ka hura, ba abin da ke saura.

Ranar da aka dawo da Rahamatu ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce a kai ta kwari. Ummulkhair ta ce ta huta zuwa gobe, Rahamatu ta ce ta huta wata biyu, ya isa. Aka ɗora ta a amalanken Sajo. Ɗantsoho yana tafe a gefe, bai zaɓi hanya ba, wadda sa ya bi ita suka bi. A bakin kwarin aka sauke ta, ta dogara sanda, ta duba.

Ta daɗe tana dubawa. Fararen kawuna tsaye a rana, kara tsirara tun daga ƙasa, ba tsumma ko ɗaya. Ba ta buƙaci a gaya mata abin da aka yi ba. Sajo ya ja sansa ya matsa can nesa, Ummulkhair ta sunkuyar da kai.

"Karmami ka yi mata," in ji Rahamatu. Ba tambaya ba ce.

"Karmami na yi mata."

Ya jira faɗa. Da ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi. Sai kawai ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka gaya wa rasuwar da ta daɗe tana tsammani, ta ce a mayar da ita gida, ta gaji. Muryarta ce ta karya shi, don bai taɓa jin ta ce ta gaji ba, ko a shekarun yunwa, ko lokacin da suka binne 'ya'ya biyu a damina guda.

Ya ce akwai sauran wani ɗan wuri, in za ta iya.

Suka zagaya ta gefe, tana jan ƙafar hagu, yana tafe kusa da ita bai san ko ya riƙe ta ba. Ya janye ƙayar. Lungun yana nan da muninsa, buzu-buzu, ja da ruwan ƙasa, kamar kan da bai ga mataji ba. Amma a saman tsummokaran kawuna sun sunkuya, jajaye, masu nauyi. Rahamatu ta yar da sandar. Ta kama kai ɗaya da hannun dama, ta ɓare ƙwaya da farce, ta sa a haƙori. Ya ji ƙarar fashewarta daga inda yake tsaye.

"Waɗannan fa, me ya hana ka?"

"Bayana ne ya riƙe. Na gaji."

Ta dube shi, rabin bakinta ya motsa, wanda yanzu shi ne dariyarta. Ta ce Allah ya yi wa gajiyar nan albarka.

A ranar suka yanke. Ba ta iya riƙe lauje da kama kara a lokaci guda, don haka ita ke zaɓen kai ta riƙe, shi ya yanka da 'yar wuƙa inda ta nuna. Wani ta ce wannan iri ne, wani ta ce wannan a ware. Ba su daɗe ba, don ba yawa. Duka abin bai cika ƙwaryar da Ummulkhair ta riƙe ba, in an sussuke ko rabin tulun ba zai kai ba. Bana ma ba tuwon shinkafa da Sallah. Garin yanka hannunsa ya kai ga wani busasshen ganye da ke rataye, yatsunsa suka kama shi da kansu, don sabo. Ta buge masa hannu.

"Bar shi. Shi ya sha kanwar. In ya gama zai faɗi da kansa."

Da za su fito ta kasa hawa gangaren. Ya sunkuya ya ɗauki hannunta na hagu don ya ɗora a kafaɗarsa, sai ya tsaya da shi a tafinsa. Ya bushe, ya yi sanyi, fatar duk tsaga, tsagar shekara talatin cikin ruwan kwarin nan. Ya tuna 'ya'yansu da suka tashi lafiyayyu suka watse, ya tuna kansa a ƙofar masallaci ana yi masa dariyar barkwancinsa, cikinsa a ƙoshe, rigarsa a wanke. Duk abin da gidan ya sha na ɗaci, da fushinsa, da yunwa, da makoki, bai taɓa tambayar inda yake tafiya ba. Kunya ta kama shi, da tausayi, har ya kasa ɗaga ido.

Ya ɗora hannun a kafaɗarsa, suka fara hawa, taki ɗaya su huta. A tsakiyar gangaren ta tsaya tana haki, ta waiwayi kwarin.

"Baɗi kai za ka yi dashen, Malam. Ni a gindin aduwar nan zan zauna, in hana ka taɓawa."

Ɗantsoho, manomin gero ɗan manomin gero, ya dubi taɓon da ke jiransa, ya ji bayansa ya amsa tun yanzu.

Ya ce to.